Kuregen bishiya da gwaggon biri: me ya haɗa su, me ya raba su?

Wata Hajiya ce ta rubuto daga Makka. Ɗanta mai shekara 12 an yi musu darasin dabbobi masu shayarwa a makaranta, sai ya kafe a kan cewa kuregen da ya gani a keji a kasuwar tsuntsaye ɗan ƙaramin biri ne, tunda yana hawa itace, yana kuma riƙe abinci da hannu biyu. Su kuwa biran hanyar Hada, wato hanyar dutsen da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa, a ganinsa, 'yan'uwan kare ne, don ga dogon baki ga haushi. Tana son sanin gaskiyar maganar, da kuma ko ya dace ta saya masa kuregen da ya dame ta da naci a kai.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya ƙara masa basira. Yaron da zai tsaya ya kalli dabba har ya lura da yadda take riƙe abinci ya kama hanyar wannan ilimi, don da irin wannan kallon aka fara shi. Sai dai kama da wane ba ta wane. Kurege dangin ɓera ne, shi da gafiya da beguwa. Birin Hada kuma babu abin da ya haɗa shi da kare in ban da tsawon baki. Amma kada a yi saurin kayar da yaron, don yana da 'yar gaskiya a inda bai zata ba: in aka jera kurege da kare da gwaggon biri, kuregen ya fi karen kusanci da birin.

Mu fara da tantance su. Kuregen da yawancinmu muka sani a ƙasar Hausa na ƙasa ne, mai rami, mai farin layi a gefen jiki, wanda ke tone wa manoma gyaɗa. Na bishiya daban ne, ko da yake zuri'arsu ɗaya, kuma zuri'ar nan ta ƙunshi iri wajen 280 a duniya. Na bishiyar da ya fi kusa da mu shi ne wanda masana ke kira Heliosciurus gambianus, ana samunsa tun daga Sanagal, ya ratso Najeriya da Cadi, har Sudan da Habasha da Eritiriya. Nauyinsa tsakanin giram 200 ne da 350, jelarsa doguwa mai zobe-zobe, a kogon itace yake kwana. Gwaggon birin da nake nufi kuma ba ƙaton nan baƙi na dazukan Kwango ba ne, wanda shi ma wasu ke kira da wannan suna. Ina nufin mai dogon baki mai yawo a ƙasa, wanda wasu ke ce wa bika. Iri 6 ne. Biyar a Afirka kaɗai suke, ciki har da wanda ke damun baƙi a Yankari, wanda shi ne kuma ake gani a gandun Dindir na Sudan. Na shidan, Papio hamadryas, shi ne namu na nan Saudiyya. Yana gefe biyu na Bahar Maliya: Habasha, Eritiriya, Jibuti, Somaliya da gabashin Sudan ta can, Yaman da tsaunukan Sarawat ta nan, daga wajen Ɗa'ifa zuwa Baha da Abha. Duk tsibirin Larabawa babu wani birin daji sai shi. Ƙosasshen namiji yakan kai kilo 20 ko ya ɗara, mace kamar rabinsa. Sai an tara kuregen bishiya wajen 60 kafin su yi nauyin namiji guda.

Abin da ya sa littafin makaranta ya zuba su a aji ɗaya ba shi da wuyar fahimta. Dukansu suna da gashi, uwa tana shayar da ɗanta nono, jikinsu yana riƙe ɗuminsa ko ana sanyi ko ana zafi, ɗa yana girma a ciki yana samun abinci ta mabiyiya. Akwai kuma abin da sai an fede ake gani: zuciya mai ɗaki 4, tantanin nama da ya raba ƙirji da ciki wanda da shi ake jan numfashi, 'yan ƙananan ƙasusuwa 3 a cikin kunne, da ƙashin wuya 7. Wannan bakwai ɗin na kurege ne, na biri ne, na raƙumin dawa ne duk da tsawon wuyansa, kuma namu ne.

Masu shayarwa a duniya sun haura iri 6,000, kuma kusan kashi 40 cikin 100 dangin ɓera ne. Dangin birai iri 500 ne da 'yan kai. Tun wajen 2001, da masana suka kwatanta ƙwayoyin gado na waɗannan dabbobi, suka ga masu mabiyiya sun kasu manyan rassa 4. Ɓera da kurege da zomo da birai suna reshe ɗaya. Kare da kyanwa da doki da raƙumi da saniya da jemage, har da bushiya, suna wani reshen. Shi ya sa na ce kurege ya fi kare kusa da biri. A nan tsaunukanmu ma akwai wata dabba da ke nuna yadda ido ke ruɗin mutum, wato rema, wadda Larabawa ke kira wabar. Duk wanda ya gan ta a kan dutse zai rantse 'yar'uwar gafiya ce, alhali a reshen giwa take, ita da dabgi da ayu.

In ana son gane dabba, bakinta ake fara buɗewa. Kurege yana da haƙoran gaba 4, biyu sama biyu ƙasa, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu. Fuskarsu ta waje tana da rufi mai tauri mai ruwan lemo, da sinadarin ƙarfe a ciki, ta baya kuwa ta fi laushi. Yayin da yake gaigaya, bayan yana saurin cinyewa, gaban yana tsayawa, sai bakin haƙorin ya riƙa wasa kansa. Fiƙa kuwa ba shi da ita ko ɗaya. Inda ya kamata ta kasance giɓi ne, daga nan sai turame, jimilla haƙori 20 ko 22. Giɓin yana da amfani, don yana iya tura leɓɓansa ciki ya toshe bayan baki, ya yi ta gaigayar ɓawo ba tare da ya haɗiye tarkacen ba. Da waɗannan haƙora huɗu yake buɗe abin da ya gagari tsuntsu da sauran ƙananan dabbobi, kuma a kansu rayuwarsa take. Ranar da ɗaya ya karye ko ya karkace, na gabansa ya rasa abokin gugawa, sai ya yi ta tsawo yana lanƙwashewa har ya hana shi ci.

Gwaggon biri haƙoransa 32, adadi da jeri irin namu sak: na gaba, fiƙa, ƙananan turame, manyan turame. Yana kuma yin na yarinta ya famfare. Dogon bakin da ya sa yaronki tuna kare wuri ne na manyan turamen da ke niƙa ciyawa da saiwa da iri masu tauri, da kuma fiƙoƙin namiji, waɗanda kan kai santimita 5. Abin sha'awa, su ma suna wasa kansu, don fiƙar sama tana gogar wani haƙori na musamman a muƙamuƙin ƙasa duk sanda ya rufe baki. Amma ba don abinci aka yi su ba. Fiƙar mace ƙarama ce, ga shi abinci ɗaya suke ci da namijin. Makami ce ta tsakanin maza, kuma yawanci nuna ta kawai ake yi. Hammar nan da namiji ke yi yana wangale baki a gaban mutane gargaɗi ce, haka ma ɗaga gira da ke fito da farin fatar ido. Turamen kare kuwa masu kaifi ne na yanka nama, ko kusa ba su yi kama da na biri ba.

Batun riƙe abinci da hannu biyu, wanda shi ne babbar hujjar yaron, a gaskiya hujja ce a kansa. Kurege yana haɗa hannu biyu ne don ɗaya ba ya iya riƙewa. Babban yatsansa ɗan dungu ne, sauran huɗun kuma akaifu ne masu lanƙwasa da ke kama ɓawon itace. Biri farce gare shi shimfiɗaɗɗe, da babban yatsa mai haɗuwa da manuni, har yana iya tsintar ƙwayar ciyawa guda daga ƙasa, ko ya ciro kaska daga gashin ɗan'uwansa, ko ya zuge zif ɗin jakar alhaji a kan Jabalin Nur. Kurege kuma yana da abin da biri ba shi da shi. Idon sawunsa na baya yana juyawa har tafin ya dubi baya, sai ya rataya da akaifunsa ya sauko daga gindin itace kai a ƙasa, a guje. Jelarsa mai gashi ita ke daidaita shi in ya yi tsalle, da ita yake yi wa 'yan'uwa ishara in ya ga shaho ko maciji, da ita yake lulluɓa. Gwaggon biri yana hawa, amma a ƙasa yake wuni. Jelarsa ba ta kama reshe. Abin da aka ba shi shi ne kanta mai kauri a mazaunai, wadda ke sa ya iya kwana a zaune a kan ɗan siririn gefen dutse ba tare da ƙafafunsa sun yi sanyi ba. Idanunsa biyu suna gaba, yana auna nisa da kyau, yana kuma bambanta ja da kore yadda muke yi, don haka daga nesa yake gane nunannen ɓaure. Na kurege suna gefe, yana hango kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma ja da kore suna rikice masa. Dabbar da kowa ke farauta ta fi bukatar ganin bayanta.

Ƙaramin jiki yana saurin zubar da ɗumi, don haka kurege, in aka auna da girmansa, ya fi biri ci nesa ba kusa ba, kuma ba ya jure doguwar yunwa. 'Ya'yan itace, iri, ƙwari, wani lokaci ƙwan tsuntsu ko ɗan tsako a sheƙa, duk yana ci. A ƙasashen sanyi, inda hunturu ke share abinci na tsawon watanni, dabararsa ita ce ajiya. Kurege mai ruwan toka na Amurka yakan binne 'ya'yan itace dubbai a kaka, kowanne a raminsa. An gwada shi an ga ya fi tono nasa a kan na wani, wato da tunawa yake nemo su, ba da hanci kaɗai ba. An kuma ga in ya lura wani kurege na kallonsa, sai ya haƙa rami ya rufe babu komai a ciki, ya wuce da abin a baki. Wanda ya manta kuma shi ke tsirowa ya zama bishiya. Ashe wayon da tatsuniyoyinmu suka ba kurege ba a banza suka ba shi ba.

Gwaggon biri ba ya ajiya ko ta kwana ɗaya. Yana da jaka a cikin kumatu, abin da kuregen bishiya na ainihi ba shi da shi, yakan cusa abinci da sauri ya koma gefe ya tauna, iyakar tanadinsa ke nan. Dogaronsa ƙafa ce da sanin ƙasa. A busassun wuraren Habasha an auna garke yana cin kilomita 7 zuwa 13 a yini, daga dutsen kwana zuwa wurin kiwo, zuwa ruwa da tsakar rana, sannan a komo kafin duhu. 'Ya'yan ƙaya, kurna, ɓaure, 'ya'yan ar'ar (wani itacen tsauni), barshumi ('ya'yan wani tsiro mai ƙaya), saiwa, fara, ƙadangare, in ya samu ɗan zomo ma ba ya bari. In kwari ya ƙafe, yana haƙa rairayi da hannu har ruwa ya tsattsafo.

Inda suka fi rabuwa, a ganina, shi ne haihuwa da reno, kuma daga nan kusan duk sauran halayensu suka taso. Zan ba da alƙaluman mai ruwan tokan nan, don shi aka fi nazari. Cikin macen kwana 44 ne. Takan haifi 2 zuwa 4, tsirara, ido a rufe, kowanne kamar giram 15. Sai sun yi sati 4 zuwa 5 suke buɗe ido, a sati na 10 an yaye su, shekara na zagayowa su ma sun isa haihuwa. In abinci ya wadata, uwar tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Uban ba ya ko leƙo su. Yawancin 'ya'yan ba sa ganin ƙarshen shekararsu ta farko, shaho da maciji da muzuru da yunwa suna kwashe su, amma yawan haihuwar yana cike gurbin.

Birinya kuwa wata 6 take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa guda, ido a buɗe, da baƙin gashi wanda ke bambanta shi da manya, yana iya damƙe gashin cikinta tun ranar farko. Bayan 'yan watanni ya koma hawa bayanta. Shayarwa tana kai wa kusan shekara, tsakanin haihuwa da haihuwa kamar shekara 2, kuma mace ba ta yin haihuwar fari sai ta kai shekara 5 ko 6. Namiji sai wajen shekara 10 farar gezarsa ke cika. Ki lissafa, Hajiya: kafin birinya ta ga ɗanta na fari, kuregen da aka haifa rana ɗaya da ita ta ga tattaɓa-kunne, in ma tana raye. Biri kuma yana iya haura shekara 20 a daji, a gidan namun daji har 30 da ɗoriya.

Me ake yi da wannan doguwar yarinta? Koyo ake yi. Ƙwaƙwalwar gwaggon biri ta kai kusan giram 150, ta kurege ba ta kai 10 ba, kuma yawancin abin da birin zai rayu da shi ba a haife shi da shi ba. Sai ya ga uwarsa ta ci abu kafin ya ci. Sai ya bi manya shekara da shekaru kafin ya san inda ruwa ke saura a ƙarshen rani, da wanda ake kauce wa, da wanda ake yi wa tsifa don a samu shiga. Kurege da yawan iliminsa yake zuwa duniya. An taɓa renon jan kurege na Turai shi kaɗai a ɗaki, bai taɓa ganin ƙasa ko wani kurege ba, da aka ba shi 'ya'yan itace sai ga shi a lungu yana haƙa daɓe, yana turawa da hanci, yana dannawa da hannu kamar mai rufe rami. Yana ƙara gwanancewa da gwaji, musamman wajen fasa ɓawo, amma ba ya bukatar malami.

Shi ya sa kuregen bishiya yake iya zama shi kaɗai, ko su biyu, ko uwa da 'ya'yanta na ɗan lokaci. Birin da aka raba da jama'arsa kuwa ya shiga uku. Kuma a cikin gwaggon birai duka, namu na Sarawat ya fi kowanne tsarin zama mai hawa-hawa. Wani masani ɗan Suwizalan, Hans Kummer, shi ya fara warware shi a Habasha daga 1960. Abin ya yi kama da gida da dangi da unguwa da gari. Ƙasan duka namiji ne guda da matansa, yawanci 2 ko 3, wani lokaci har kusan 10, da 'ya'yansu, sau da yawa da wani saurayi mai bin gidan yana jiran ranarsa. Gidaje biyu ko uku waɗanda mazansu 'yan'uwa ne sukan yi kiwo kusa da juna. Irin waɗannan in sun haɗu su ne garken da ke tafiya tare, su sha ruwa tare, su yi faɗa tare, daga 30 zuwa 100 ko fiye. Da dare kuma garkuna da dama suna iya taruwa a dutse ɗaya su kai ɗaruruwa, gari na wayewa kowa ya kama gabansa. Namijin ba ya barin matansa su yi nisa. In ɗaya ta yi baya sai ya harare ta, in ba ta zo ba ya je ya cije ta a ƙeya, ita kuma ta biyo shi. Na Yankari da Dindir ba haka suke ba. A can mata su ne tushen garke, 'ya tana gadon matsayin uwarta, maza ne ke barin gida in sun balaga, kuma babu namijin da ya mallaki mace. Kummer ya taɓa ɗauko matan wancan iri ya saka su cikin garken irin namu. Da farko in an cije su gudu suke yi, amma cikin ɗan lokaci kaɗan suka gane abin da ake so, suka fara bi. Dabbar da za ta koyi al'adar baƙin wuri a yini guda, ki riƙe wannan, don zai yi mana amfani a maganar hanyar Hada.

Kuregen bishiya ba ya cikin dabbobin asali na Saudiyya. Mafi kusa yana tsallaken teku a Eritiriya da Sudan, ko can arewa a dazukan Jodan da Siriya da Iraƙi, inda wani iri dabam yake. Duk wanda ke keji a kasuwa, shigo da irinsa aka yi. Dalilin a bayyane yake: yana bukatar itatuwa masu haɗe da juna da abinci kusan duk shekara, ba ya kuma iya ratsa fili mai nisa babu mafaka. Biri abu biyu kawai yake nema, ruwan sha da dutsen kwana, sauran zai nemo da ƙafarsa. An daɗe ana zaton mutane ne suka kawo shi nan a jirgin ruwa, tunda an san Misirawan dā suna girmama shi, suna sayo shi daga gaɓar kudancin Bahar Maliya, har suna yi wa gawarsa irin adanar da suke yi wa ta sarakunansu. Amma binciken ƙwayoyin gado ya nuna biran Larabawa sun rabu da na Afirka tun dubun dubatar shekaru, kuma ta wajen Babul Mandab suka ƙetaro, a zamanin da teku ta ja baya mashigin ya tsuke. Sun riga kowace hanyar mota zama a tsaunukan nan.

To ga abin da ke damuna. Duk mai hawa Hada ko Shafa, tsaunukan wajen Ɗa'ifa, ya ga motoci a tsaye ana jefa musu ayaba da burodi da biskit da ragowar shinkafa. Na san da yawa da niyyar sadaka suke yi, Allah ya ba da ladan niyya. Amma ki duba abin da muka faɗa. Dabba ce da aka gina a kan tafiyar kilomita goma da haihuwa ɗaya a shekara biyu. In abinci ya zo mata har bakin titi, tafiyar ta tsaya, mata suna saurin sake ɗaukar ciki, 'ya'yan da da fari zai rage suna rayuwa, ga damisa da kyarkeci da kura da ke rage su a dā sun yi ƙaranci ƙwarai. Garke ya kumbura fiye da abin da dutsen zai iya ciyarwa. Cunkoso a kan tulin abinci guda yana kawo faɗa da raunuka, yana kuma dagula tsarin gidajen nan. Mafi muni shi ne koyon. Jaririn da ya tashi a bayan uwarsa yana kallon hannun mutum da ledar shara, abin da ya sani ke nan a matsayin kiwo, kuma shi zai nuna wa na bayansa. Ranar da motoci suka yi ƙaranci sai ya gangara gonakin rumman da inabi, ya shiga gidaje da makarantu, kuma ya riga ya daina tsoron mutum. Daga nan manomi ya ɗauke shi abokin gaba, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Cibiyar kula da namun daji ta Saudiyya tana da shiri na musamman a kan wannan matsala, ta hana ciyar da su, akwai kuma tara. Ni ina goyon bayan hanin ɗari bisa ɗari. In kun je, ku tsaya a inda aka yarda a tsaya, gilashi a rufe, yaron ya nemo namiji mai farar geza ya ƙirga matan da ke binsa, ya duba jarirai masu baƙin gashi. Kada ya zura wa namijin ido, kada kuma ya yi masa dariya haƙora a waje, don a wurinsu neman faɗa ne.

Batun saya masa kurege, shawarata ki haƙurƙurtar da shi. Dabba ce da ke wuni tana gudu da tsalle a tsakanin rassa, keji komai girmansa ya yi mata kaɗan, shi ya sa za ki ga tana ta zagaye wuri guda babu tsayawa. Masu sayarwa sukan ce a ba ta fisfis, wato 'ya'yan furen sunflower, da gyaɗa. Tana son su, amma in su kaɗai ne abincinta, sinadarin gina ƙashi yana ƙaranta a jikinta, ƙasusuwa su yi laushi, ƙafafun baya su shanye. In babu itace mai tauri na gaigaya haƙoran su yi tsawo, in kuma ta kuɓuce a ɗaki wayar lantarki za ta fara ci. Ba ta sabo irin na kyanwa, kuma haƙorin da ke fasa ɓawo ba ya jin wuyar ɗan yatsan yaro. Akwai kuma maganar cuta. Ƙyandar biri an fara gano ta ne a jikin biran ɗakin bincike a Danmak a 1958, a jikin mutum kuma a Kwango a 1970, amma dabbar daji ta farko da aka ciro ƙwayar cutar daga jikinta kuregen bishiya ce, a Kwangon, a 1985. A 2003 cutar ta ɓulla a Amurka ta hanyar kasuwar dabbobin ado, bayan an shigo da gafiya da kurege da wasu dangin ɓera daga Ghana, mutum sama da 40 suka kamu. Ba kowane kuregen kasuwa ne ke ɗauke da cuta ba, amma mai saye ba shi da hanyar sanin daga ina aka kamo shi, ko da wa aka haɗa shi a keji. In dabbar reno yake so, zomo ko kyanwa sun fi masa, su dama an daɗe da sabar da su zama da mutane.

In kuma tsautsayi ya sa biri ko kurege ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, kada a ɗaure shi tamau, a wuce asibiti a ranar ko da raunin ƙarami ne. A faɗa wa likita wace dabba ce da inda abin ya faru, shi zai duba ko ana bukatar allurar tetanus da ta ciwon haukan kare.